Ɗakin Yaran Tsamiyar Liman

Nassarawa GRA, Kano
3 ga Yuni

Ƙanwata Uwa,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan tawa da ke tuna min shekaruna duk sanda na zo sujada. Hajiya Rahma na gaishe ki. Ta ce kukar da kika aiko ta ƙare tun cikin azumi, wai ba roƙo take ba, labari kawai take ba ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Garinku sai mutum ya hau tudun bayan makaranta yake samun sabis, kuma ko da akwai, wannan ba maganar waya ba ce. Malam Tanko maigadina zai taho gida yin Babbar Sallah, shi na ba wa. Ba ya karatun boko, ba ya kuma surutu, shi ya sa muka kai shekara goma sha biyu tare.

Na san kin ji an sa ni a kwamitin da ke duba yadda za a sake tsarin kashe kuɗin lafiya a ƙasa, mu ne masu kula da shiyyarmu. Mu goma sha ɗaya ne, ni kaɗai ne likitan yara, ni kaɗai ne kuma na yi ritaya, saboda haka ba ni da ubangidan da zan ji tsoro. Abin da ake so shi ne a rage ƙananan wurare a tattara ƙarfi a manyan asibitoci. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma na lura duk sanda aka ɗauko almakashi, ɓangaren yara ake fara kallo, don yaro ba ya zuwa taro balle ya yi ƙorafi. Na yi ta faɗa da su har sun sa min suna Uban Jarirai.

To ga maganar. Za a tura mutane su duba wasu ƙananan asibitoci ba tare da sanarwa ba, a ga inda ya kamata a bar ɗakin yara a cikin kasafi da inda za a rufe. Na ga jerin sunayen, har da naki na Tsamiyar Liman. Ranar Alhamis sha tara ga wata za su zo.

Bai kamata in faɗa miki ba. Na faɗa ne don na san ki tun kina 'yar makarantar koyon aikin lafiya a gidan Inna a Tudun Murtala, lokacin da ɗakinki ya fi na kowa hargitsi. Ki gyara wuri, Uwa. Duk sun san daga yankin nan iyayena suka fito. Kada ki ba ni kunya a gaban mutane. In kin karanta ki ƙona.

Yayanki,
Ashiru

Tsamiyar Liman
22 ga Yuni

Yaya Dakta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gode. An yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Gwiwar nan ka daina hawa bene da ita sau goma a rana, kai da kake hana mutane. Maigidan yana gaisuwa, yara duk lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓin haƙori, ta kuma warke.

Baƙinka sun zo ranar da ka ce, su uku, maza biyu da wata mata mai gilashi wadda ba ta dariya. Dagaci ya tarbe su da kansa, aka yi musu dambu da zabi. Sun zaga ko'ina, sun buɗe nan sun leƙa can, sun ɗauki hotuna kamar a gidan biki. Da za su tafi ɗaya daga cikin mazan ya ce tun da suka fito ba su ga wuri tsaf kamar namu ba. Ban ba ka kunya ba, Yaya. Ka je ka tambaye su.

Sai dai ka tuna musu da abincin nan na gyaɗa na yaran tamowa. Damina ta kama, rumbuna sun yi ƙasa, ka san yadda muke a waɗannan watanni.

Ga kukar Hajiya nan da 'yar daddawa, na ba direban motar kasuwa ya ajiye wurin Malam Tanko.

Ƙanwarka,
Uwa

Tsamiyar Liman
28 ga Yuli

Yaya Dakta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu muna nan, ruwa ya sauka sosai, rafi ya cika, mota sai ranar da ya ɗan ja baya. Ni dai lafiyar jiki akwai, ta zuciya ce babu.

Mako biyar ke nan ban ji daga gare ka ba, kamar an yi ruwa an ɗauke. Na yi ta ba ka uzuri, na ce babban mutum ne, aiki ya yi masa yawa. Sai ranar Laraba da muka je taro a ƙaramar hukuma, wata abokiyar aikina ta ja ni gefe tana yi min jaje. Na ce jajen me? Ta ce ai ɗakin yaranmu yana cikin waɗanda za a rufe daga sabuwar shekara, a riƙa tura yara babban asibiti. Babban asibitin da sai an ƙetare rafi, a yi tafiyar awa biyu a kan babur. Wace uwa ce za ta ɗauki yaron da ba ya iya riƙe wuyansa ta yi wannan tafiya duk mako? Gida za su zauna, Yaya, kai ma ka sani.

Yanzu haka yara talatin da bakwai nake da su a awo, goma sha ɗaya in an sa musu ma'aunin dantse ja yake nunawa. Wata uku rabon da a kawo mana abincin tamowa, magani kuwa kantarmu sai yanar gizo da kashin ɓera. Kunun gyaɗa da waken suya nake koya wa iyaye, waɗanda ke da waken ke nan.

Ranar Asabar na kasa haƙuri na taho Kano. Na iso gidanka da hantsi. Malam Tanko ya tare ni a bakin get, bai ko iya kallon idona ba, ya ce ka tafi Abuja. Ga motarka ina gani a ƙarƙashin mangwaro, ga kuma tarinka ina ji daga barandar sama, tarin da na sani tun ina yarinya. Na sha ruwan da ya ba ni a kan bencinsa na juyo. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, ban taɓa zaton akwai ranar da za a tsayar da ni a ƙofar gidanka kamar mai tallar atamfa ba.

A mota kuma na ji cewa ɗakin yaran garin su Hajiya Rahma an bar shi. Ba na son in zarge ka, amma abin ya tsaya min a rai. Shin wuri ɗaya aka ba ka ka zaɓa, ka zaɓi na surukai? In haka ne ka faɗa min, na fi son in ji daga bakinka.

Uwa

Nassarawa GRA, Kano
5 ga Agusta

Uwa,

Salamu alaikum. Na samu takardunki biyu, kuka ma ta iso. Muna lafiya.

Gaskiya ne ina gida ranar Asabar. Tun da rahoto ya fito aka hana kowane ɗan kwamiti ganawa da ma'aikatan wuraren da aka duba, kuma maƙwabcina na dama ɗan'uwan sakatarenmu ne, ba abin da ke shiga gidan nan bai gani daga benensa ba. Ni na ce wa Tanko ya faɗi haka. Ban ji daɗi ba, amma ban yi nadama ba. Zancen garin su Hajiya kuwa, da aka zo kansa fita na yi daga zauren, yana nan a rubuce. An bar nasu ne saboda an tarar da yara a kwance a ƙasa, kanta ba komai.

Yanzu ke kuma ki saurare ni. Ranar da aka zo kan Tsamiyar Liman na miƙe na yi magana kusan rabin awa. Na ba su labarin rafin, da damina, da iyayen da ba za su iya tafiyar ba. Suka bar ni na gama. Sai shugaban ya sa aka haska hotunan asibitinki a bango. Gadaje shida da zannuwa sababbi. Yara huɗu kacal, kumatu cike, awonsu duk kore. Kanta maƙil da magani, kwalayen abincin tamowa jere har rufi. Ya juyo ya ce, "Dakta, ai mutanen garinku sun fi mu wadata." Aka yi dariya. Shekarata sittin da takwas, ba a taɓa yi min dariya irin wannan ba.

Ke kin rubuto cewa wata uku ba a kawo miki komai ba. Wata uku baya shi ne ƙarshen Afrilu. Hotunan nan na sha tara ga Yuni ne. Ko dai takardarki ce ba gaskiya ba, ko kuma kayan suna nan a Yuni suka yi ƙafa kafin Yuli. Na sha ganin abincin nan a faranti a bakin kasuwa, manya suna saye suna shafa wa burodi, kuma ba daga sama yake faɗowa ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Na karɓi kwafin hoton na zo gida, na sa madubin ƙara girma da nake karatun Alƙur'ani da shi. Kwalaben nan kowace an rubuta mata farashi a jiki da baƙin alƙalami. Maganin gwamnati ba a rubuta masa farashi, Uwa. Shekara arba'in ina ba da shi. Ban nuna wa kowa ba tukuna. Ga hoton nan na haɗo miki, na zagaye wurin da jan biro.

Kanti kika buɗe a cikin asibitin? Ki ba ni amsa kafin wani mai ido ya gani.

Ashiru

Tsamiyar Liman
9 ga Agusta

Dakta,

Na ga saƙo. Muna lafiya.

Ashe ɓarauniya Inna ta riƙa a gidanta shekara uku ba ta sani ba. Shekara goma sha tara ina aikin nan, da ruwan randar gidana nake wanke ɗakin awo, ko auduga ban taɓa ɗauka na kai gida ba. Kai kana GRA a ƙarƙashin fanka da madubin ƙara girma, kana neman laifin wadda ba ta kai ta zauna a falonka ba.

Ka nuna wa duk wanda ka ga dama.

Uwa

Tsamiyar Liman
16 ga Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Hajiya kuna lafiya. Ka yi haƙuri da takardar da ta wuce, cikin fushi na rubuta, kuma fushin ma ba duka naka ba ne. Mako guda hoton nan yana cikin jakata, ina ciro shi ina mayarwa. Ban saci komai ba. Amma abin da na yi, da na zauna na auna shi, ban tabbata ya fi sata sauƙi ba.

Da takardarka ta farko ta zo na faɗa wa maigidan, don ba na ɓoye masa abu. Shi kuma bayan Juma'a ya faɗa wa Dagaci. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa baƙin gwamnati za su zo, kuma ɗanmu Dakta ya ce kada a ba shi kunya. Ka san mu da baƙo. Gidan da ba a ɗora tukunya ba ma, in baƙo ya yi sallama sai an nemo an yi masa shinkafa. Matasa suka yi fenti. Amare uku suka ba da aron katifu da zannuwan gadonsu. Zakari mai kemis ya kwaso rabin shagonsa ya jera mana a kanta na yini ɗaya, farashin da ka gani rubutunsa ne, da yamma ya zo da baro ya kwashe abinsa. Kwalayen abincin tamowa kuwa na bara ne da muke ajiyewa don shimfiɗa, ba komai a cikinsu. Ni na liƙe bakunansu da hannuna na jera su. Littafin awonmu ruwa ya taɓa shi, gara ta ci gefe, na ji kunyarsa na tura shi ƙarƙashin gadona na buɗe sabo.

Har nan da sauƙi. Sai aka zo kan yara. A wancan makon talatin da huɗu nake da su. Manyan mata suka ce ba za a nuna wa baƙi yara irin waɗannan ba, za a tafi da mu a baki a ce mutanen Tsamiyar Liman ba sa ciyar da 'ya'yansu. Ban yi musu ba, Yaya. Wallahi a lokacin gani na yi daidai suka faɗa. Na zaɓi huɗu da suka riga suka murmure, aka yi musu wanka da kwalli, sauran na aika gida gida na ce kowa ya zauna sai Asabar.

Akwai wata Safina da ke can ƙauyen gabas, saƙon bai kai gare ta ba. Da safen ranar ta iso da ɗanta Sagiru a goye, ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa. Shekararsa biyu, ya rame, gashinsa ya yi ja. Ina jin ƙarar motar baƙi na tare ta ta ƙofar baya, na ce ta koma gida yau ba awo, muna da baƙi. Ta leƙa ta taga ta ga yaran nan huɗu a kan zannuwan amare. Ta ce, "Malama, nawa ne bai kallu ba?" Na ce ba haka ba ne, ta dai dawo Asabar. Ta gyara goyonta ta juya. Wata biyu ke nan ba ta sake takowa ba. Na aika sau biyu, ta ce ta gode.

To ka ji. Ka ce in gyara wuri, na gyara har na kori yaran da aka gina shi dominsu, duk a kan yabon mutum ɗaya. Yanzu ban san abin yi ba, kuma tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Uwa

Nassarawa GRA, Kano
21 ga Agusta

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai tun da na karanta takardarki abinci bai yi min daɗi ba. Hajiya ta zaci hawan jini ne, ta sa an auna ni sau biyu.

Na zarge ki da sata, ki yafe min. Ni shara nake nufi, Uwa. Shara da yanar gizo, da kuma kada su zo su tarar kin tafi suna ko biki. Amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Ni ma ɗan gidan ne. Ranar da abokaina na jami'a suka fara zuwa Tudun Murtala, Inna sai da ta aro kujeru da tangaran daga gida uku, ta kuma tura ƙanena mai ƙazuwa gidan maƙwabta ya yini. Ina gani, kuma daɗi na ji. Wanda ya tashi a haka ya kamata ya san abin da zai biyo baya in ya rubuta cewa kada a ba shi kunya. Kwamiti ya yi niyyar zuwa ba sanarwa don ya ga gaskiya, ni da nake ihun kare yara ni na toshe masa ido.

Hanya ɗaya ta rage. Ranar biyu ga Satumba za a yi zaman ƙarshe kan jerin wuraren da za a rufe, in jerin ya shiga kasafi sai kuma bayan shekara uku. Ba za su janye ba don na roƙa, na riga na roƙa sun yi dariya. Sai an nuna musu cewa abin da suka gani ba gaskiya ba ne. Ina bukatar bayaninki a rubuce da sa hannunki, da tsohon littafin awo ko da gara ta cinye rabinsa, da kuma takardata ta uku ga Yuni. Ba zan ɓoye miki ba, wannan zai iya taɓa aikinki.

Kin ƙona ta kamar yadda na ce? In ba ki ƙona ba ki ba Tanko ita kanta, gobe Juma'a zai taso takanas.

Yayanki,
Ashiru

Tsamiyar Liman
23 ga Agusta

Yaya Dakta,

Gaisuwa. Lafiya lau, Malam Tanko ya iso, yana tsaye ma yana jira.

Ga bayanina shafi biyu, na sa hannu. Ga littafin awo, ka riƙe shi a hankali, shafukan tsakiya sun rabu. Takardarka ban ƙona ba, kuma ba zan bayar ba. Na kwafe ta da hannuna kalma kalma, ga kwafin nan.

Zan faɗa maka dalili ƙarara. In takardar nan ta bar hannuna, abin da zai rage a gaban kwamiti shi ne wata ƙaramar ma'aikaciyar ƙauye ta yaudari baƙin gwamnati, ta kuma amsa da hannunta. Ba wanda zai tambayi yadda aka yi ta san ranar. Maigidan ya ce bai taɓa ganin an hukunta babba ba alhali ga ƙaramin da za a tura gaba. Na ce masa kai ba haka kake ba. Ya ce wa aka tsayar a bakin get? 

Ina ƙaunarka kamar da, Yaya, amma yarda sai a hankali. In ka karanta musu naka laifin tare da nawa, zan ji.

Uwa

Nassarawa GRA, Kano
4 ga Satumba

Uwa,

Sallama. Muna lafiya, ni ma yanzu hutu ya same ni, za ki ji dalili.

Takardarki ta yi min zafi. Daga baya na ga da ni ne ke, abin da zan yi ke nan. Ki gaida maigidan, ki ce masa ban ji haushinsa sosai ba.

Shekaranjiya na karanta musu. Da tawa na fara, daga kwafin rubutunki, har wurin da na ce ki ƙona. Sannan taki, sannan na ajiye littafin awo a kan tebur, ƙasar gara tana zuba a kan fayil ɗin shugaba. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Matar nan mai gilashi da ta zo wurinku, ita ce ta miƙe ta ce tun ranar warin sabon fenti ya dame ta, har ta ɗaga kwali ɗaya ta ji ba komai a ciki, amma ta ga Dagaci a tsaye a kanta yana fara'a, ta ji nauyin ta buɗe. Kin ga ashe ba mu kaɗai ba ne.

An ce in fita. Da aka kira ni aka ce kwamiti ya gode da hidimata, kin san ma'anar wannan. Jiya a masallacin unguwa mutum biyu suka gaishe ni da wata irin murya kamar an yi min rasuwa, maƙwabcina kuwa ya riga kowa ji. Ba wannan ne ya dame ni ba. Akwai sauran zama kan rigakafi da abincin yara, yanzu ba likitan yara ko ɗaya a zauren, kuma ni na jawo.

Ba su janye sunan Tsamiyar Liman ba, sun dai ɗage. Za a sake turo mutane. Ban san ranar ba, ba kuma wanda zai faɗa min. Ke ma takardar tuhuma tana tafe, ki amsa ta da gaskiya. Ki bar wurin yadda yake. In Dagaci ya ce a ɗauko fenti, ki ce ni na hana.

Yayanki,
Ashiru

Tsamiyar Liman
6 ga Oktoba

Yaya Dakta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya gwiwa, ya zaman hutu? Hajiya ta sami mai taya ta hira yini guda, Allah ya ba ta haƙuri. Mu lafiya, an fara yankan gero, ruwa ya ja baya.

Sun zo ranar Talata sha shida ga watan jiya, matar nan mai gilashi ce da wani mutum, ƙafafunsu duk taɓo don a ƙasa suka ƙetare rafi. Ba wanda ya san da su sai da suka shigo. Yara arba'in da ɗaya, rabi a kan tabarmi, rabi a cinyar iyaye a baranda, kuka ta ko'ina, kanta ba komai sai sikeli da auduga. Ni kaina da zanin gida suka same ni, na wanke rigar aikin na shanya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji na yi kamar an yaye min mayafi a kasuwa. Dagaci da ya ji bai fito ba, har yau gaisuwata da ƙyar yake amsawa, wai na tona wa gari asiri. Matar ta zauna a kan tabarma ta auna yara da kanta har azahar, ta tashi ta tafi kafin a ce za a ɗora girki.

An bar ɗakin, Yaya. Takarda ta zo ranar Alhamis, kwali ashirin na abinci da madara suka biyo ta, na buɗe kowanne na leƙa, don yanzu ban yarda da kwali ba. Ni kuma an ja min kunne a rubuce, an tsayar da ƙarin girmana. Na karɓa. Ita matar ce ta ba ni labarin yadda ka tsaya ka karanta taka takardar da bakinka. Ta asalin tana nan a ƙasan akwati, in ka zo ka karɓa da hannunka, mu ba mu da get.

Jiya na tafi ƙauyen gabas da kaina, da abincin mako biyu a jaka. Sagiru yana da rai, amma ya fi yadda na gan shi a Yuni lalacewa, ƙafafu sun kumbura, irin wanda sai an kwantar an sa ido. Safina ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta karɓi abincin da hannu biyu. Na ba ta haƙuri, na ce ɗakin yana nan ba a rufe ba, ta kawo shi gobe. Ta ce to. Sai da na zo sa takalmi ta biyo ni bakin zaure, a hankali, ba da faɗa ba, ta ce, "Malama, ki dai riƙa aiko min ranar da ba baƙi, kada in zo in ɓata muku."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Duk takardun da muka rubuta, ni da kai da kwamitinku, ba wadda ta kai ƙauyen gabas. Ban jira gobe ba. Na ce ta ba ni zani, na goya shi da kaina, ita tana biye da ni, muka shigo gari ana cin kasuwa. Ta ƙofar gaba na shiga da shi. Yana kwance yanzu a gadon da ke bakin taga, da safen nan ya sha madara cokali shida. Ka sa shi a addu'a da sunansa.

Ƙanwarka,
Uwa